Zauren Tambaya: Fassara Ta Ishe Ni, Ko Sai Na Koma Ga Asali?

Wasiƙun wannan wata da yawansu abu guda suke kewayawa, wato fassara da koyon harshe, shi ya sa na haɗa huɗu wuri ɗaya. Na taƙaita su saboda fili, masu su su yi mini afuwa. Masu aiko da tambayar rabon gado kuma, na sha faɗa, ni malamin harshe ne, a nufi alƙali ko malaman fiƙihu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Ni matar aure ce, ina zuwa Islamiyyar dare. Na yi sauka tun ina gidanmu amma ban san ma'ana ba, sai bara maigidana ya sawo mini Alƙur'ani mai fassarar Hausa ta Malam Abubakar Gumi. Ina karantawa ina jin daɗi, wani wurin har hawaye nake. To ƙanen mijina da ya yi karatu a ƙasar Larabawa ya ce wahalar banza nake, wai wanda bai iya Larabci ba bai san abin da Allah ya ce ba. Malamarmu kuma ta ce fassarar ta wadatar, ba sai na nemi wani abu ba. Maganar wa zan ɗauka?
'Yarka, daga Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi miki albarka, maigidan kuma Allah ya ƙara masa buɗi. Ci gaba da karatunki, kada ki ajiye. Amma ki san abin da ke hannunki.

Ɗauko littafin ki duba bangonsa. Marigayi bai kira aikinsa Alƙur'ani da Hausa ba, tarjamar ma'anoni ya kira shi. Mutumin da ya riƙe muƙamin Alƙalin Alƙalan Arewa, ya rubuta tafsiri sukutum da Larabci mai suna Raddul Azhan, aka ba shi lambar Sarki Faisal a 1987, ba da wasa ya zaɓi wannan kalma ba. Yana gaya miki ne tun daga bakin ƙofa cewa abin da za ki karanta fahimtar mutum ce game da maganar Allah.

Ga misali da ya shafe ku mata kai tsaye. A Suratul Baƙara, aya ta 228, an ce matan da aka saki su jira ƙuru'i uku. Wannan kalma a Larabci tana ɗaukar jinin al'ada, tana kuma ɗaukar tsarkin da ke tsakanin jini biyu. Duka biyun Larabci ne ingantacce. Imamu Malik da Imamu Shafi'i suka ce tsarki ake nufi, Imamu Abu Hanifa ya ce jini. Saɓanin nan kwanaki ne a cikin iddar mace, kwanakin da a cikinsu miji zai iya kome ko ya makara. Hausa ba ta da kalma guda da za ta riƙe ma'anonin biyu a lokaci ɗaya. Duk wanda zai zuba ayar cikin Hausa dole ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya, ko ya sauko ƙasan shafi ya yi bayani. Ke mai karatu sai ki ga magana a miƙe, ba ki san a wurin nan hanya ta rabu biyu ba, wani ne ya zaɓar miki.

Akwai wani ramin da ya fi wannan haɗari gare mu Hausawa musamman, saboda yawan abin da muka ara daga Larabci. Kalma takan shigo Hausa ta zauna ɗaruruwan shekaru har ta sake hali. Mu idan muka ce yaro ya cika fitina, rigima muke nufi. Sai mutum ya ji ayar da ke cewa fitina ta fi kisa tsanani, ya ɗauka husumar kishiyoyi ko gardamar 'yan siyasa ake magana, har ka ji ana jawo ta wurin sulhu. Buɗe tafsirin Jalalaini, za ki ga a nan shirka ya fassara ta. Dabba a wurinmu akuya ce da jaki. A Suratu Hud kuwa, inda aka ce babu wata dabba a bayan ƙasa face arzikinta yana ga Allah, duk mai rai da ke motsi ne, da ni da ke da tururuwa. Miskini a kunnen Bahaushe da yawa mai naƙasa ne, alhali a ayar zakka talauci ake aunawa, har malamanmu na Malikiyya suka ce miskini ya fi faƙiri shiga matsi. Bature mai koyon Larabci ba ya faɗawa wannan rami, don shi kalmar baƙuwa ce gare shi, dole ya tambaya. Mu ne muke ganin fuskar da muka sani mu wuce ba gaisuwa.

Wannan shi ne gefen da ƙanen mijinki yake da gaskiya. Sai dai a gaya masa, cikin ladabi, iya hira da Larabci a kasuwar Madina ko ta Alƙahira bai isa ya sa mutum ya ɗaga kafaɗa ba. An ruwaito Abdullahi ɗan Abbas, wanda ake yi wa laƙabi da tafintan Alƙur'ani, ya ce bai gane ma'anar kalmar faɗir da ke cikin Alƙur'ani ba sai ranar da wasu Larabawan ƙauye biyu suka zo masa da jayayya kan rijiya, ɗayansu ya ce ni na faɗare ta, yana nufin ni na fara haƙa ta. Balarabe ne, ɗan baffan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, amma sai a bakin masu harshe ya tsinci ma'anar. Dalilin da ya sa ke nan malamanmu na zaure ba sa barin ɗalibi ya hau tafsiri sai ya ratsa waƙoƙin Jahiliyya da Muƙama.

Kuma da maganar ƙanen mijinki ce aka bi a garin nan na Sakkwato, da kakanninmu mata sun mutu cikin duhu. Shehu Usmanu ya yi wa mutane wa'azi da Fulatanci da Hausa. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta iya Larabcin da za ta yi wa malamai rubutu, amma ta zauna ta tsara waƙoƙi da Hausa, ta naɗa jajoji ta ba su malfa, suna kwaso mata daga ƙauyuka suna koyar da su. Su ne 'yan taru. Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta babban tafsirinsa Liya'ut Tawili, ya dawo ya rubuta ƙarami, Kifayatu Du'afa'is Sudan, don waɗanda babban ya fi ƙarfinsu. Shi ɗin dai ya tsara Bahrul Muhiɗ a nahawu don wanda ke son ya nutsa. Ba su ga cin karo tsakanin sauƙaƙa wa mutane da kiran su zuwa ga asali ba.

Abin da zan ce ki yi: ki karanta fassara don wa'azi da tunani da sanin labarin annabawa, amma kada ki ciro hukunci daga cikinta, na idda ne ko na gado ko na saki. Wannan a tambayi malami. Tunda kin yi sauka, baƙin yana bakinki, rabin aikin ke nan. Kullum ki ɗauki kalma biyu ko uku da kike yawan cin karo da su, ki bi su sura-sura ki ga yadda aka fassara su a wurare dabam-dabam. In azumi ya zo, ki saurari malamai biyu a aya ɗaya, mai jan baƙi yana ja suna fassarawa. Inda suka bambanta, ki sa alama, galibi a nan Larabcin ya fi Hausar faɗi. Malamarku kuma ki roƙe ta ta ware muku ko da rabin awa a mako don Ajuruma, littafin nahawun Larabci na masu farawa.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗalibi ne ni a sashen harsunan Nijeriya, muna darasin fassara. Malaminmu ya ce fassarar kalma da kalma irin ta makarantun zaure ba fassara ba ce, ɓata harshe ce. Ni kuwa a zaure na tashi, abin ya sosa mini rai. Ina gaskiyar take?
Ɗalibinka, daga Gidan Igwai.

AMSA: Ɗana, ni ma a zaure na tashi, na mahaifina, Allah ya jiƙansa, can wajen Ƙofar Atiku, don haka na san inda ya yi maka ƙaiƙayi. Har gobe in na rufe ido ina jin farkon Ahalari: awwalu, farkon, ma, abin da, yajibu, yake wajaba, alal mukallafi, bisa baligi mai hankali, tas-hihu, ingantawar, imanihi, imaninsa. Ɗalibi yana ja, malam yana bi, ɗalibi yana na'am, na'am.

Malaminku ya auna abin ne da mudun da ba nasa ba. Malamin zaure ba littafin Hausa yake rubutawa ba, Larabci yake koyarwa. Yana so ɗalibi ya ga kowace kalma a mazauninta, ya san wace ce mai aiki, wace ce aka yi aikin a kanta. Shi ya sa duk inda inna ta fito sai ya ce lalle, ƙad ta zama haƙiƙa, kana ta zama ya kasance, ko Hausar tana so ko ba ta so. Kamar mahauci ne a Kara da ya rarraba rago gaɓa-gaɓa: za ka san kowace gaɓa da inda take haɗuwa da 'yar'uwarta, amma ragon ba zai sake tafiya ba. Wannan hanya ta fitar da mutanen da suka yi waƙar Larabci mai ma'auni ba su taɓa taka ƙasar Larabawa ba. Ba abin rainawa ba ce. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka ɗauki wannan Hausar ta zaure aka buga ta a takarda aka miƙa wa wanda Larabcin ba ya gabansa. Shi zai yi ta tuntuɓe da lalle ne shi, ya kasance shi, ya rasa kan zance.

Gardamar nan ta girme mu duka. Safadi, malamin adabin Larabci wanda ya rasu a 1363, ya ba da labarin hanyoyi biyu na masu fassarar littattafan Girkawa a Bagadaza zamanin Abbasiyawa. Wasu suna duban kalmar Girkanci su kawo ta Larabci su ajiye, su matsa gaba. Hunainu ɗan Is'haƙa kuwa, wanda ya rasu a 873, yakan karanta jimla duka, ya riƙe ma'anarta a kansa, sannan ya faɗe ta da Larabci ko kalmomin sun yi daidai da juna ko ba su yi ba. Safadi ya fifita ta Hunainu, ya ce littattafansa na likitanci ba su buƙaci gyara ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, Hunainu bai kai ga haka ba sai da ya san Girkancin ciki da bai, yana kuma tara kwafe-kwafen littafi guda yana gwada su kafin ya sa alƙalami. Wanda bai iya tsinka jimla kalma-kalma ba, in ya ce maka ma'ana yake fassarawa, sau da yawa zato yake fassarawa.

A namu gidan, Abubakar Imam ya kwaso labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamusawa ya zuba a Magana Jari Ce, tsakanin 1937 da 1939, ya sa musu riga da wando har mai karatu ya rantse a ƙasar Hausa aka haife su. Gwaninta ce, amma wannan sarrafawa ce, kada ka yi wa takardar kotu ko ta asibiti haka.

Ni abin da ya fi damuna yau ba Hausar zaure ba ce, Hausar da Ingilishi ke kwance a ƙarƙashinta ce. Ka kunna rediyo ka ji mutum goma sun rasa rayukansu, sai ka ce ajiyewa suka yi suka manta wurin. Ka ji a ƙarshen rana, alhali ba magariba ake nufi ba, daga ƙarshe ake son cewa. Mutanen farko na wannan aiki ba haka suka yi ba. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957 ake fama da kalmomin duniya, kuma dubi abin da masu aikin jarida da rediyo suka bar mana: Majalisar Ɗinkin Duniya, jirgi mai saukar ungulu, ƙuri'ar raba gardama. Zaman doya da manja da aka yi tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyat, da kalma suka bi da yaƙin sanyi za su ce, Bahaushe ya ɗauka da hunturu aka gwabza. Sai suka tambayi kansu, me ke faruwa a zahiri? Suka ce yaƙin cacar baka. Wanda ya ƙirƙiro wannan ya fahimci Ingilishin, ya kuma sha Hausa a nono.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, wata ƙungiya ta kawo mini takardar wayar da kai kan lafiyar mata, an riga an fassara ta a wani gari, aka ce in duba. Ko'ina ƙayyade iyali, ƙayyade iyali. Na ce musu in kuka shiga ƙauyukan Gwadabawa da wannan, ba za a ba ku tabarma ba. Kalmar Bature tsarawa take nufi, ƙayyadewa kuwa sa iyaka ce, kuma magidanci zai ji ana ce masa ga adadin 'ya'yan da aka yarje maka. Tazarar haihuwa ta fi shiga, don Bahaushiya ta daɗe da sanin wahalar kwanika, kuma Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Ban ce tazara ta kwashe duk abin da Bature ke nufi ba, a nasa tunanin har da zaɓen adadi. Na ɗauki ɓangaren da takardar take magana a kai ne, na kuma gaya wa masu ita abin da na bari. Wannan faɗar wajibi ce a kan mai fassara.

A takardar dai akwai maganin da aka ce a sha kowace awa takwas, mai fassara ya mayar da shi sau uku a rana. Ga Hausa mai daɗi, ga ma'ana ta zube, don tsohuwa za ta sha da safe, da rana, da la'asar ta ce ta cika. Da na tambayi wani ma'aikacin jinya ya tabbatar mini tazarar ce abin nufi, sai muka rubuta bayan sallar asuba, da azahar, da lokacin kwanciya.

Kada ka yi jayayya da malaminku a aji, jarrabawa a hannunsa take. Amma duk aikin da aka ba ka, ka fara yi masa irin ta zaure a takardar gefe, har ka tabbata babu kalmar da ta ɓuya maka. Sannan ka kife takardar ka faɗi maganar yadda za ka faɗa wa gwaggonka.

TAMBAYA: Mallam, ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa na, ina kai albasa Ƙonni da Tawa har Yamai. Cikin kassuwa Hausa ta ishe ni, amma wurin duwan da jandarma takardu duk Faransanci na. Yarona ya sa min wani abu ga waya mai fassara, ina koyo da shi. Matsalata, sai na shirya magana da Hausa cikin kaina kannan in juya ta, kahin in gama mutum ya wuce. Mi ya kamata in yi?
Alhaji, daga Illela.

AMSA: Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Ai kai ka riga ka san maganin, ba ka lura ba ne. Idan mutumin Ƙonni ya ce maka dala ashirin, ba ka tsayawa lissafi, ka san sefa ɗari yake nufi, in ya ce jikka ka san dubu ce. Ba fassarawa kake ba, abin ya zauna maka ne saboda ka ji shi da kuɗi a hannu. Haka za ka yi wa Faransancin.

Ka daina haddace kalma ɗai-ɗai da takwararta ta Hausa. Ka haddace magana sukutum tare da wurin da ake yin ta: abin da ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ke cewa in yana neman takardar mota, da abin da direba ke mayar masa. Kowane harshe da yadda ya yanka duniya. Kai kana jin yunwa, Bafaranshe yana da yunwa. Kai shekararka hamsin, shi yana da shekara hamsin. Rana a wurinmu mace ce, wata namiji, haka ma a Larabci, shi kuwa ya juya su. Lissafinsu ma sai ka yi hattara, saba'in a bakinsu sittin da goma ce, tamanin ashirin huɗu, casa'in ashirin huɗu da goma. Wanda ya tsaya juya wannan a ka ana cikin ciniki, an cuce shi an gama. Lambobin nan su za ka fara sha kamar karatun allo. Kuma babba ko ma'aikaci ba a ce masa kai, ku ake ce masa, yadda almajiri ke cewa Malam sun fita.

Wayar tana da amfani wurin karanta allon hanya da sanin kan takarda. Amma kada ka sa hannu a yarjejeniya bisa maganarta. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, in ka rubuta fari, ita ba ta san ko launi kake nufi ko rashin ruwan sama ba, balle ka zuba mata Sakkwatanci. Nemi ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, a Ƙonni ka riƙa ba shi na goro, ku zauna bayan la'asar da takardun da ake ba ka na gaske. Kuma kada wani ya ce maka girma ya hana ko addini ya hana. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya umarci Zaidu ɗan Sabit ya koyi rubutun Yahudawa don ya riƙa karanta masa wasiƙunsu.

TAMBAYA: Baba, na samu littafin waƙoƙin Nana Asma'u da Turanci a ɗakin karatu. Na nemi waɗanda kakata take rerawa, na same su, amma sai na ji su salam, babu abin da ke taɓa zuciya. Ashe gaskiyar Hausawa ce, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Shin waƙa tana fassaruwa kuwa?
Malamin firamare, daga Wurno.

AMSA: Malam, karin maganar nan a wannan wurin ta ɗan zame. Da dama daga waƙoƙin da kakarka ke rerawa su kansu fassara ne. Tabbat Haƙiƙa da Fulatanci Shehu ya yi ta, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ƙanenta Isa, wanda ake kira Isan Kware, ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara wa kowane baiti layuka ya zama mai layi biyar. Waƙar Gewaye kuwa ita Asma'u ta tsara da Fulatanci, Isa ya juyo ta Hausa. Ka ga abin da ya sa ka hawaye a bakin kakarka ya riga ya tsallaka kogi sau ɗaya kafin ya iso gare ta.

Jahizu, malamin Basra da ya rasu wajen 868, ya ce a Kitabul Hayawan waƙa ba ta fassaruwa, in aka juya ta tsarinta ya tsinke, ma'auninta ya rushe. Ina ganin girmansa, amma 'ya'yan Shehu sun nuna akwai mafita, sai dai mai tsada ce. Sun juya waƙa zuwa waƙa, da karinta da amsa-amonta, don a rera a tsakar gida ana kaɗi ko ana surfe. Hakan ba ya yiwuwa sai mai fassarar shi ma mawaƙi ne, harsunan biyu kuma duka na gidansu ne. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru masu yawa a garin nan, da Beverly Mack, da suka fitar da wancan littafi a 1997, manufarsu dabam ce. Suna so masu nazari a duniya su san abin da baiwar Allah nan ta ce, kuma sun cim ma haka, Allah ya sa a yau ana karanta ta a jami'o'in Amurka da Ingila. Ma'ana suka ɗauko, sautin ya tsaya a Wurno. Kada ka nemi abin da ba su yi alkawari ba.

Ni wanda nake jin haushi shi ne namu na gida, mai ɗauko waƙa daga ajami zuwa boko ya ce zai gyara mata Hausa. Ya tarar da munka da sunka, ya mayar da su muka da suka, wai daidaitacciyar Hausa. Munka gaɓa mai nauyi ce da marar nauyi, muka kuwa marasa nauyi biyu ne. Ya cire harafi ɗaya, ƙafar baitin ta karye, mai rerawa ya yi ta ɗingishi bai san dalili ba. Waƙar ƙarni na 19 da aka yi a Sakkwato da Gwandu, Sakkwatancinta yana cikin asalinta. Mayar da ita Kananci shi ma fassara ce, sai dai ba a faɗa wa mai karatu an yi ba.

In kana son ka kai ga na Fulatancin, ka sani tun yanzu ƙamus kaɗai ba zai kai ka ba, don farkon kalma yakan sauya: mutum ɗaya Pullo, jama'a Fulɓe, ka je neman ɗaya a ƙarƙashin harafin ɗaya ka rasa. Kuma Fulatancin waƙoƙin tsoho ne, cike da Larabci, ba kowane mai kiwo zai warware maka shi ba. Sai dattijan malamai, kuma suna ƙarewa.

Ba ka faɗa mini ko kakar tana raye ba. In tana nan, wayar da ke aljihunka ta isa. Ka ɗauki muryarta, ita da sauran tsofaffin unguwa, waƙa ɗai-ɗai, ka tambaye su wurin wa suka koya. Ka rubuta yadda suka furta, kada ka gyara ko wasali. In ka shigo birni ka biya Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu ka nemi a nuna maka rubutun ajami, ka gwada da abin da ka ɗauko, baiti da baiti. Inda suka saɓa ka rubuta duka biyun, ka aiko mini in gani.

Mai tambaya daga Tambuwal kan koya wa yara ajami tare da boko, taka tana buƙatar fili, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.